Telan da Ya Riƙe Littafin Sunayen Matasa

Mutumin da muke ba da wannan shaida a kansa tela ne, iyakar karatunsa firamare, bai taɓa shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Amma duk wanda ya yi zumuntar matasa a ikkilisiyarsu, a wani gari tsakanin Jos da Kafanchan, Baba yake ce masa, har waɗanda yanzu suka zama fastoci da dattawa. Ya roƙa kada a ambaci sunansa ko na ikkilisiyar, muka amince. Mu da muka haɗa wannan rubutu mun daɗe cikin aikin matasa. Mun ga ƙungiyoyin da suka cika majami'a maƙil suka watse kafin shekara biyu, mun ga tasa ta tsaya. Shi ya sa muke so a ji yadda Ubangiji ya bi da rayuwarsa, a kuma ji dalla-dalla yadda yake tafiyar da aikin.

A ƙauye aka haife shi, gidan manoma masu bi. Da tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 ake addu'ar safe a gidansu, da ita kuma bakinsa ya faɗa a karatun Hausa. Yana yaro ya shiga Boys' Brigade, ƙungiyar yara maza ta ikkilisiya. Sauran yara fareti da hula da bel ne suka ɗauke musu hankali, shi kuwa abin da ya zauna masa kiran suna ne. Kafin a buga ganga sai kyaftin ya kira kowa da sunansa, wanda bai amsa ba a tambayi maƙwabcinsa ina ya shiga. Da ya zama saurayi ya bi 'yan Sabon Rai Don Kowa, suna shiga ƙauyuka a ƙasa da waƙa da wa'azi.

Daga nan aka kai shi birni koyon ɗinki. Ya shiga zumuntar matasa ta wata babbar majami'a, yana cikin mawaƙa, muryarsa kuwa ana jin ta. A can ne ya koyi sha. Abokan shago suka fara jan sa gidan burkutu ran Asabar, daga Asabar abin ya koma kullum, har wata Lahadi ya zo sujada yana wari. Dattawa suka kira shi suka sa shi a horo, aka dakatar da shi daga Jibin Ubangiji da kuma waƙa. Har yau cewa yake horon daidai ne. Abin da ya ci masa rai shi ne, cikin matasan nan masu cika benci biyar, ba wanda ya taka ƙofar shagon. Sun sami wani mai murya, waƙa ta ci gaba.

Wadda ta zo wata tsohuwa ce daga Zumuntar Mata. Ta kawo zane da ya yage a gefe ta ce, "Ɗana, ɗinke mini." Ta zauna a benci har ya gama, ta biya, ta ce su yi addu'a. Mako na zagayowa ta dawo da rigar jikanta. Da yagaggun kayan gidanta suka ƙare sai ta shiga karɓo na maƙwabta. Ba ta taɓa yi masa maganar giya ba. Takan tambaye shi ko ya ci abinci, ta karanta aya ɗaya tana bin layin da yatsa, ta kama hanya. Wata rana ya ce, "Mama, na san ba ɗinki ke kawo ki ba." Ta ce, "To, tunda ka sani, ran Lahadi zan biyo mu tafi tare." Haka ya koma, ya zauna a bencin baya har horonsa ya cika, aka karɓe shi a gaban jama'a. Bai sake kurɓar giya ba, yabo ga Ubangiji.

Ya dawo gida ya buɗe shago ya yi aure. Bayan wasu shekaru dattawa suka naɗa shi uban matasa, wato mai ba ƙungiyar shawara. A lokacin, wanda ya leƙo daga waje zai ce ƙungiyar na kan ganiyarta. Suna da kibod da ganguna, suna da anko kala biyu, ranar Lahadin matasa ba masaka tsinke. Amma taron tsakiyar mako bai fi mutum goma ba, bashin kibod ɗin na wuyansu, kuma ba wanda zai iya faɗa maka su nawa ne a ƙungiyar.

Abin da ya fara saya littafi ne mai bangon kwali, irin na rajista. Ya ja layuka da rula: suna, unguwa, wanda yake riƙonsa, ko iyaye ko kawu ko maigida, aji ko sana'a, ya yi baftisma ko bai yi ba. Da waya ta zo aka ƙara layin lamba. Sauran shafin kuwa ƙananan gidaje ne na mako-mako. Ya raba matasan gida-gida bisa ga unguwa, mutum shida zuwa takwas, kowane rukuni da mai lura da shi. Ya ce in sun wuce takwas, mai lura ba zai gane wanda babu ba sai ya duba takarda, kuma masu kunya za su ɓuya a bayan masu surutu. In rukuni ya kai goma sai a raba shi biyu, ko da suna ƙorafi, kuma sukan yi.

Ƙa'idar littafin ba ta da wuya. Fashi ɗaya, ba a cewa komai. Fashi biyu a jere, ɗan rukuninsu ya biya ya gaishe shi. Fashi uku, mutum biyu su je gidan kafin Lahadi, maza wurin namiji, mata wurin mace. Ya koya musu yadda ake shiga: a fara gaida masu gida, Kirista ne ko ba Kirista ba, a nemi izinin ganin yaron, kada a wuce minti ashirin, kada a karɓi abin da ya fi ruwa don kada talaka ya ji ziyara ta zame masa nauyi. Kuma ya haramta tambayar nan ta "me ya hana ka zuwa?" Ya ce wannan tambaya ƙarya take haifarwa. A ce, "Mun yi kewarka, lafiya dai?" sai a yi shiru a saurara.

Abin da ziyarar ke tonowa ya sha bamban da abin da shugabanni ke zato. Su sukan ce sanyin ruhaniya ne. Sau da yawa kuwa takalmi ne ya tsinke, ko kowa ya ɗinka anko ban da ita, ko maigidan shago ba ya sakin yaro sai magariba, ko an faɗi jarrabawar WAEC ana jin kunyar haɗa ido da waɗanda suka ci, ko bashin kuɗin wata ya taru. Saboda wannan na ƙarshe ne ya sa aka soke tarar fashi da ta latti gaba ɗaya. Mun ga ƙungiyoyi da dama da suka kwaikwayi littafin suka mai da shi littafin tara, ana kiran sunan mai bashi a gaban jama'a. Wanda ya fi bukatar zumunta shi ne na farkon gudu daga irin wannan wuri. Shi kansa anko Baba bai hana ba, ga shi tela, amma ya ce a shekara ɗaya kawai, mai araha, kuma sai an tabbatar kowa ya samu kafin a sa ranar sawa. Na marasa hali shi yake ɗinkawa da dare, ba wanda ya san na wa aka biya na wa ba a biya ba.

Taron mako ana fara shi ƙarfe huɗu, a tashi biyar da rabi, ko mai jawabi ya gama ko bai gama ba. Dalili a fili yake. 'Yan mata na da ɗiban ruwa da girki, iyaye kuma in yarinya ta dawo da duhu sau biyu, na uku ba za su bar ta ta fito ba. Minti goma sha biyar na waƙa, arba'in da biyar na nazarin Maganar Allah, sha biyar na addu'a rukuni-rukuni, sauran na sanarwa. Gwajin waƙa aka ba shi ranarsa dabam, domin duk inda aka haɗa shi da nazari, waƙa ce ke cinye lokacin. Za a ce bari a maimaita baiti ɗaya, kafin a farga rana ta faɗi, a karanta aya biyu a tsaitsaye a yi addu'ar rufewa.

Nazarin ma ba tsalle-tsalle ake yi ba, yau kan aure gobe kan nasara. Littafi guda ake ɗauka a bi shi daga farko har ƙarshe. Da Markus suka fara: sura goma sha shida, rabin sura a mako, wajen wata takwas ke nan. Sai Ayyukan Manzanni, sai Yakubu, sai Farawa. Amfanin haka shi ne nassi ne ke zaɓar abin da za a tattauna, ba shugaba ba, don haka ba a tsallake wurare masu ɗaci, kuma ba wanda zai ce da shi ake. Ana karanta wurin sau biyu, da Hausa da Turanci, sai tambaya uku: me nassin ya ce, me yake nufi, me za mu yi da shi kafin mako mai zuwa. Ta ukun ake fara tambaya a taro na gaba. Wanda zai bi da nazarin, saurayi ne ko budurwa, sai ya zauna da fasto kwana biyu kafin ranar, su bi wurin tare. Ta haka matasa suka koyi koyarwa, fasto kuma ya san abin da ake koyarwa a ikkilisiyarsa.

Maganar harshen nan ba ƙarama ba ce. A garuruwanmu ƙungiyar matasa takan rabu biyu ba tare da kowa ya furta ba: 'yan makaranta masu Turanci a gaba, 'yan koyon sana'a da manoma da 'yan acaɓa a baya. In aka bar nazari ya koma Turanci zalla, na bayan za su yi shiru wata uku, sannan su daina zuwa. Baba ya ce kowa ya amsa da harshen da ya fi masa sauƙi, wanda ya yi Turanci ya juya da kansa zuwa Hausa. Ba a kuma nuna mutum a ce ya karanta. Mai so ya ɗaga hannu. Waɗanda ya lura ba sa ɗagawa ko kaɗan, yakan kira su shago da sunan taya shi sa maɓalli, can a bayan keke ya koya musu baƙaƙe. Manyan baƙi masu wa'azi kuwa sau biyu ko uku a shekara ake gayyata, da sanin dattawa. Ƙungiyar da ta saba da baƙo kowane wata ba ta iya zaman mako na yau da kullum, sai ta ji kamar ba a yi komai ba.

Sai kuɗi. A nan ne ƙungiyoyi masu kyau suka fi mutuwa, kuma galibi ba ɓarawo ne ke kashe su ba. Yaro ne mai gaskiya, talaka, aka damƙa masa kuɗi ba mai tambayarsa. Haka ta faru a shekarar Baba ta biyu. Ma'aji ya taɓa kuɗin ƙungiya ya sayi taki, da niyyar mayarwa in an yi girbi, damina kuwa ba ta yi kyau ba. Da maganar ta fito wasu suka ce a karanta sunansa ran Lahadi. Baba ya ce a bi Matiyu 18 daki-daki. Ya je shi kaɗai tukuna, yaron ya amsa laifinsa da kuka. Aka zauna da shugaban matasa da dattijo ɗaya, aka rubuta yadda zai biya wata-wata, aka sauke shi daga ma'aji, ba a cire shi daga zumunta ba. Ya biya duka. Yau dattijo ne a wata ikkilisiya.

Bayan wannan aka kafa tsarin da har yanzu suke bi. Mutum uku ne a kan kuɗi: mai riƙewa, mai rubutawa, da mai sa hannu a fitar, kuma ba a haɗa biyu daga gida ɗaya. Baiko mutum biyu ke ƙirgawa nan take kafin kowa ya fita, a rubuta da lamba a rubuta da kalmomi, su biyun su sa hannu. Ƙarshen wata a karanta shiga da fita a gaban kowa, duk wata uku a kai littafin gaban dattawa. Ba a ba da rance daga asusu, ko ga shugaba, ko ga fasto. Da aka shiga zamanin tura kuɗi ta waya sai sabuwar ɓaraka ta buɗe, domin sai a ce a tura ta asusun wane, kuɗin ƙungiya ya gauraya da nasa, shi kansa bai san iyakar kowanne ba. Maganinta asusu da sunan ikkilisiya, sa hannun mutum biyu, saƙon banki kuma ya riƙa shiga wayar wanda ba shi ke cirewa ba. Masu cewa wannan rashin yarda da juna ne, yakan buɗe musu 2 Korantiyawa 8, inda Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar ikkilisiyoyi shi kaɗai ba, don kada a sami abin zargi. Yawancin kuɗin daga gayya yake fitowa: da damina su yi wa mai gona noma ya biya ƙungiya. Kashi uku ake yi, ɗaya na bishara, ɗaya na taimakon mara lafiya da mai makoki da kuɗin jarrabawar maraya, ɗaya na hidimar ƙungiya. Kayan kiɗa daga kashi na ukun kawai ake saye, kuma ba bashi.

Inda ya fi tsanani shi ne tsakanin samari da 'yan mata, kuma tsananin nasa a kan shugabanni ya fi sauka. A ikkilisiyoyinmu kalmar matasa takan kwashe daga 'yar shekara goma sha uku har tuzuru mai talatin da biyar, a zuba su wuri ɗaya. Ya raba su: 'yan ƙasa da sha takwas da rukunansu, da mata biyu daga Zumuntar Mata masu zama tare da su. Ba shugaban da zai yi wa yarinya shawara a ɗaki a rufe, ko a ofishin majami'a, ko a waya da tsakar dare. In magana ta sirri ce, a zauna a inuwar bishiya inda ana hangen su ba a jin su, ko a kira matar fasto. Shi kansa bai taɓa gwada 'yar ƙungiya a shago ba sai matarsa ko wata babba na wurin. In za a je babban taron shekara, a ƙirga kowa da suna kafin mota ta tashi, a ƙirga a masauki, a ƙirga kafin barci, a ƙirga kafin a juyo. Masaukin mata dabam, iyaye mata biyu a bakin ƙofa. Kwanan addu'a kuwa, wanda ya shigo ya shigo ke nan sai gari ya waye, domin ɓarnar ba a cikin majami'a take faruwa ba, a tsakanin majami'a da gida take, wajen ƙarfe biyu na dare, iyaye na can suna cewa yarinya na wurin addu'a.

Bai tsaya ga hani ba. Sau biyu a shekara ana zaman koyarwa a kan neman aure, a fili, da fasto da matarsa da ma'aikaciyar jinya daga cikin ikkilisiya. A nan ake gaya musu su yi gwajin jini tun magana ba ta yi nisa ba, na sikila da na ƙanjamau. In saurayi AS ne budurwa ma AS, wato kowannensu na ɗauke da gadon sikila a jini, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Gara a san wannan a watan farko da a sani bayan an kai kaya, an sa rana, zuciya ta riga ta tafi.

Duk da haka ciki yakan faru, ba ƙungiyar da ta tsira daga wannan. Abin da Baba ya ƙi jinin gani shi ne yarinya a bencin baya ita kaɗai, wanda ya yi mata cikin yana gaba yana kaɗa ganga. Yakan tsaya a gaban dattawa ya ce, "Iyayena, ba ita kaɗai ta yi ba." In horo ne, a yi wa duka biyu. In kuwa yarinyar ƙarama ce, namijin babba, ko an yi mata fin ƙarfi, ya ce wannan ya wuce maganar horo, laifi ne da ya shafi hukuma. A gaya wa iyaye, a kai ta asibiti, a kai ƙara, kada a rufe don kare sunan ikkilisiya ko na gidan wani dattijo. Ya sha baƙin jini a kan wannan, bai janye ba. Sannan duk wanda ke cikin horo, sunansa na nan a littafi, kuma ziyararsa kowane mako ce, ba sai ya yi fashi uku ba. Galatiyawa 6:1 yake kafa hujja da ita, cewa a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, mai komowar yana lura da kansa. Kowa ya san daga ina wannan ƙa'ida ta fito.

Burkutun zamaninsa ya zama tiramol da maganin tari mai kodin da wiwi. Gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, amma wanda ke aiki da matasa ya san ba a daina samu ba. Ga cacar ƙwallo ta waya, wadda ba ta wari, ba ta sa tangaɗi, sai dai ka ga yaro ya sayar da wayarsa ya ce ta faɗi. Masu lura da rukuni an koya musu alamu: barci a taro, rama, yawan rance ƙanana, sauya abokai, fushi ba dalili. Ba a yi wa irin wannan yaro wa'azi a gaban jama'a. Babba ɗaya ake haɗa shi da shi, in abin ya yi nisa a kai shi asibiti, addu'a na tafiya magani na tafiya. Kuma da yake zaman banza ne ke ciyar da abin, Baba ya rubuta duk masu sana'a na ikkilisiya, kafinta da makanike da mai walda da mai kitso da mai gyaran waya, ya riƙa haɗa su da yara. Yakan sa a rubuta yarjejeniya: shekara nawa, wa zai ciyar, da sharaɗin a saki yaro ranar taro ƙarfe uku da rabi.

An gwada ƙungiyar a lokutan rikici. Na Jos a Satumba 2001, da na 2008 da 2010, da na bayan zaɓen Afrilu 2011 wanda ya taɓa kudancin Kaduna ƙwarai, duk sun girgiza garuruwan wannan yanki. A irin wannan rana ƙungiyar matasa ita ce taron samari mafi tsari a unguwa, don haka masu neman hannun ramuwa ita suke fara nema. Abin da Baba ya sa aka yi da littafin shi ne ƙirga rai: kowane mai lura ya tabbatar da inda mutanensa shida ko takwas suke kafin dare, ya kawo rahoto. Yaron da aka san ana nemansa da suna ba ya saurin bin gayyar dare. Ya hana yaɗa labarin da ba ka gani da idonka ba, ya hana a yi taron ƙungiya a asirce ba da sanin fasto ba. Gadin unguwa bai hana ba, in da sanin mai unguwa da jami'an tsaro ne, amma fita ramuwa ya ce ba da sunan Yesu ba, ya karanta musu ƙarshen Romawa 12. Wasu samari suka ce masa matsoraci, har da masu cewa don Musulmi ne rabin masu kawo masa ɗinki. Ya ce, "'Ya'yana, maƙwabtana ne, kuma gobe ma nan za mu kwana da su." Yakan ba su misalin 'yan'uwa na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda aka ƙone musu majami'u, aka kwashe 'ya'yansu a Chibok a 2014, aka mamaye hedkwatarsu a Kwarhi a shekarar, ikkilisiyar kuma ba ta sauka daga koyarwar salama ba. Da aka riƙe Leah Sharibu, ɗalibar da ta ƙi barin bangaskiyarta ta Kirista, bayan sace 'yan matan Dapchi a Fabrairu 2018, matasa suka yi ta zumuɗin buga riguna da hotonta. Bai hana ba, amma ya ce su yi mata addu'a da suna kowane taro, kuma su tuna yarinyar ba a ranar ta koyi abin da ta tsaya a kai ba.

'Yan siyasa ma sukan zo gab da zaɓe, da alkawarin janareta ko sabon kibod. Amsar ɗaya ce: mai son ba da kyauta ya kai wa dattawa, a rubuta, kuma ba za a ba shi makirufo a taron matasa ba.

Bai yarda ƙungiya ta zama ikkilisiya a cikin ikkilisiya ba. Tsarin wata uku sai ya bi ta hannun fasto. Wanda ke zuwa taron matasa ba ya zuwa sujadar Lahadi, ana ziyartarsa kamar mai fashi. Matasa ne ke share majami'a, su koyar a makarantar Lahadi, su yi wa gwauraye gyaran rufi kafin damina, su haƙa kabari in an yi rashi. Wanda bai yi baftisma ba, layin nan na littafi ne ke tona shi, a ƙarfafa shi ya shiga aji, ba tilas. Wanda ya sami makaranta ko zai tafi bautar ƙasa, ana ba shi wasiƙa zuwa ikkilisiyar da zai tarar, a haɗa shi da FCS, zumuntar ɗalibai Kirista, in 'yar sakandare ce ko ɗan sakandare, sunansa kuma ya koma shafin matafiya, a riƙa kiransa sau ɗaya a wata. A shekarar farko ta barin gida ne aka fi rasa matasa, shi kuwa ya san haka a jikinsa.

Shugabanci shekara biyu ne, in an sake zaɓenka ka ƙara biyu, shi ke nan. Kowane mai muƙami da mataimaki wanda ya girme wa aƙalla da 'yan shekaru, don kada shugabanni su yi aure a shekara ɗaya ƙungiya ta wayi gari ba kowa. Ranar miƙa aiki a gaban dattijo ake yi, da takarda: littafin sunaye, littafin kuɗi da abin da ya rage, makullai, da lissafin kaya ɗaya-ɗaya har wayar lasifika. Da idonsa ya fara rauni, zare ya daina shiga masa allura, shi ma haka ya miƙa nasa, ga mutum biyu, namiji da mace, waɗanda ya shekara uku yana tafiya ziyara da su.

Sababbin shugabannin sun mai da rajistar cikin waya, suka buɗe zaure a WhatsApp, sanarwa ta koma can. Bayan 'yan watanni suka lura waɗanda ke raguwa su ne marasa babbar waya, 'yan koyon sana'a da 'yan matan da ke riƙo a gidajen dangi, domin labari ba ya isa gare su, kuma an fara ɗaukar saƙon "mun yi kewarka" a matsayin ziyara. Suka je shago suka gaya masa. Ya ce su riƙe zauren don sanarwa, amma kowace sanarwa mai lura da rukuni ya kai ta da baki ga wanda ba ya ciki, fashi uku kuma sai an taka da ƙafa. Suka sayi sabon littafi mai bangon kwali, na bakwai tun daga nasa na farko, sauran shidan suna cikin akwatin ofishin fasto.